Irin Geron Baba Ilu da Tashar da Ba a Gina Ba

Da yawanmu muna ɗauka tashar jirgin da take kan takarda ba ta taɓa kowa ba tukuna. Ni ma haka nake gani, sai jiya.

Na fita hanyar Mashi in ɗauko wa ɗalibaina hoton filin da aka ce za a gina tasha idan an ƙaro layin dogo. Ban tarar da komai ba sai turaku masu jan fenti, da wani dattijo, Baba Ilu, zaune a gindin gawo. Gonarsa ce, ba shi da wata.

Na ce, "Baba, ga ruwa ya sauka, ba ka yi shuka ba?"

Ya ce, "Malam, cewa suka yi kar in taɓa, aiki zai fara. Damina uku ke nan."

Ya kwance wani ƙullin tsumma, ya zuba min gero a tafin hannu. Iri ne da ya gada wurin mahaifinsa.

"Bara na gwada ƙwaya ashirin a tsohuwar ƙwarya, bakwai suka tsiro. Bana uku. Su masu aikin ba sauri suke yi ba, ɗana. Shi kuwa iri mutuwa yake."



Na karɓo abin da ya rage masa. Ɗalibaina, da duk mai ɗan fili a bayan gida, ku zo ku ɗiba ku shuka kafin ruwan nan ya wuce. Wanda nasa ya tsiro ya faɗa mana a nan, in kai wa Baba labari.