Koci Alu da Yaron Kurfi

Duk wanda ya zauna Dutsin-Ma ya san Alu mai walda, ko da bai riƙe sunansa ba. Shi ne dogon mutumin nan da sai ya sunkuya yake shiga shagonsa a bakin hanyar Kurfi, wanda tartsatsin wuta ya huda gaban kowace riga da ya mallaka. A Shema aka haife shi, gidan manoma. Tsawonsa ne ya sa wani ɗan bautar ƙasa da aka turo makarantarsu ya ja shi gefe, ya ɗora masa ƙwallon kwando a hannu ya ce ya jefa. Tun daga ranar abin ya shiga ransa. Har ya kai ga buga wa jiha wasa, ya je Kaduna, ya je Jos. Sai mahaifinsa ya rasu ya bar masa uwa da ƙanne. Alu ya dawo gida ya koyi walda, ya auri Rahamatu, maganar zama ɗan wasa ta mutu.

Ƙwallon dai bai iya rabuwa da ita ba. Akwai wani tsohon dandamalin siminti a bayan wata makarantar firamare, inda mata ke shanya barkono. Ya yi ta sintiri har aka bar masa shi da yamma. Da hannunsa ya ƙera sandunan da zobban, ya kafa su, ya tara samarin unguwa. Suka sa wa ƙungiyar suna 'Yan Dutsi, shi kuma suka koma kiransa Koci.

A wasan kwando mutum biyar ke shiga fili, amma ɗaya ne ke riƙe da ragamar sauran, wato mai raba ƙwallo. Shi ke ɗauko ta daga baya, ya duba fili, ya san wanda zai miƙa wa, da kuma lokacin da zai miƙa masa. Shekara da shekaru Naziru ne ke wannan aiki. Ɗan kabu-kabu ne, gajere kakkaura, ba ya yawan dariya. Shekarar da 'yan bindiga suka tayar da mutanen ƙauyensu Alu, dangi suka cika masa gida har zaure, damina guda bai taka filin ba. Naziru ne ya riƙe ƙungiyar, yana bin yara gida-gida, yana ɗinke ƙwallon da ta fashe. Alu bai manta da wannan ba. Sai dai Naziru ya haura talatin, ƙafarsa ta yi nauyi, kuma kowa ya gani.

Nazirun ne ma ya kawo yaron. Wata ranar kasuwar Kurfi ya sauke fasinja, sai ya hangi wani siririn yaro yana jefa ƙwallo cikin bokitin da aka cire wa gindi aka kafe a jikin darbejiya. Ya tsaya kallo har ya manta da aiki. Sunan yaron Abdulbasit, shekararsa sha bakwai, ɗan Malam Abubakar Sadiƙ mai makarantar Islamiyya. Kafin wata biyu yaron ya zama abin magana a filin. Yana duban gabas ya miƙa ƙwallo yamma, ta faɗa hannun wanda ko tsammaninta bai yi ba. Idan ya ɗauke ta da gudu, manya sai dai su bi bayansa da kallo.

Da aka sa ranar gasar jiha a Katsina, gardama ta tashi a kan wa zai fara. A shagon Alu aka yi ta bayan la'asar, injin walda a kashe. Saifullahi, kyaftin ɗin ƙungiyar, mai sayar da hatsi a kasuwa, shi ya fara magana.

"Koci, gaskiya ɗaya ce. Yaron nan ya fi mu duka. In muna son mu wuce zagayen farko ko sau ɗaya a rayuwarmu, shi za a sa."

Naziru na zaune a kan babur ɗinsa a bakin ƙofa, bai ɗago ba. "Ni na kawo shi, na san abin da ya iya," in ji shi. "Amma bai taɓa wasa gaban taro ba. Dubi ƙafafunsa, kamar kara. 'Yan Katsina da 'yan Funtuwa ba wasan yara suke ba, ture mutum suke. A bar shi a benci, in na gaji ya shigo. Baɗi sai ya fara."

"Baɗi kuma ka ce baɗi," in ji Saifullahi. "Wurinka kake karewa."

Naziru ya ɗago a hankali. "Ni kake gaya wa haka?"

Alu ya tsawatar musu, ya ce zai yi tunani. Abin da ya dame shi shi ne duk su biyun suna da gaskiya. Ya sha ganin yaron ya ɓata rai idan an ture shi, ya watsar da ƙwallo. Ya kuma sha ganin an wuce Naziru kamar an wuce turmi. Ga shi gemunsa ya fara furfura, ƙungiyarsa ba ta taɓa kawo ko kofin roba gida ba.

A gida ya kwashe labarin ya gaya wa Rahamatu tana tankaɗe. Ta saurara har ya gama, sannan ta ce, "Ni ban san ƙwallonku ba, Baban Hassana. Amma in za ka sauke Naziru, ka same shi shi kaɗai ka gaya masa. Kada ya ji a bainar jama'a."

Ya ce to. Sai dai duk lokacin da ya yi niyya sai bakinsa ya yi nauyi, ya ce gobe. Haka aka yi ta tafiya har ana jibi tafiya, ya tsaya a tsakiyar fili bayan atisaye ya kira sunayen biyar ɗin farko. Abdulbasit na ciki. Babu sunan Naziru. Nazirun ya cire rigar ƙungiya, ya ninke ta, ya ajiye a gindin sandar kwando, ya tayar da babur.

Washegari Alu ya tafi Kurfi neman izini. Malam Abubakar Sadiƙ ya karɓe shi a zaure, dattijo mai sanyin murya. Bai taɓa son wannan wasa ba, amma yaron ya sauke Alƙur'ani, bai kuma taɓa saɓa masa ba.

"Kwana nawa za ku yi?"

"Biyu, Allah gafarta Malam."

"To, na ba ka amanarsa. Yadda ka ɗauke shi, haka za ka maido min shi."

Ranar tafiya suka jira Naziru a tasha har direba ya fara faɗa. Bai zo ba. Suka tafi babu wani mai raba ƙwallo sai yaron.

Wasan farko, abin da Abdulbasit ya yi sai wanda ya gani. 'Yan kallon da suka fara yi masa dariyar rama suka koma tafa masa. Saifullahi ya yi ta zura ƙwallo har ya gaji, domin duk inda ya tsaya sai ya same ta a hannunsa. Suka ci. Amma ana dab da tashi yaron ya dira a kan ƙafar wani, idon sawunsa na hagu ya gurɗe. Kafin magariba ya kumbura ya yi suntum.

Da safe Saifullahi ne da kansa ya ja Alu gefe. "Koci, ni na ce a sa shi, yanzu ni ke cewa a hutar da shi. Ƙafar nan ba ta wasa ba ce."

"Wa zai ɗauko ƙwallon? Kai?"

Alu ya kira Naziru a waya. Daga Dutsin-Ma zuwa Katsina ba wata tafiya ba ce, da ya taso da ya iso kafin a fara. Wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Ya sake kira, aka kashe ta. Abdulbasit kuwa ya miƙe yana tattakawa a gabansu yana cije leɓe.

"Koci, wallahi ba ta ciwo sosai. Ka ɗaure min kawai. Don Allah kada ka cire ni."

Alu ya durƙusa ya naɗe ƙafar da bandeji, ya ja sosai. Yana naɗewa yana jin zafin kumburin a tafin hannunsa. Ya san abin da ya kamata ya yi. Ya kuma san saura wasa biyu su ɗauki kofi.

Suka ci wasa na biyu da ƙyar. Na ƙarshe da yamma ne, da wata ƙungiya ta cikin birni mai manyan samari. Yaron ya koma jingina nauyinsa duka a ƙafar dama, abokan karawa kuma sun gane, suna ta matsa shi ta hagu. Aka yi musu nisa da maki. Bayan hutun rabin lokaci ya ƙwace wata ƙwallo, ya ruga shi kaɗai, ya yi tsalle. Da zai sauko ya janye ƙafar mai ciwo, ya dira a kan ta dama a karkace. Alu daga benci ya ji ƙarar, kamar an karya ɗanyen rake. Yaron bai yi kuka ba da farko. Ya dubi gwiwarsa da ta juya gefe, sannan ya kira, "Koci!"

A asibiti likita ya ce jijiyoyin gwiwar sun tsinke, sai an yi aiki a Kano, kuma kada a ɗau lokaci. Alu ya kai yaron Kurfi a kwance a bayan mota. Mahaifiyarsa ta fasa kuka daga cikin gida. Malam ya fito, ya dubi ɗansa, ya yi salati, ya sa ɗalibai suka shiga da shi. Alu ya durƙusa ya faɗi abin da likita ya ce, ya ce shi zai kai shi Kano, zai ɗauki nauyin komai ko da zai sayar da injinsa.

"Ka kai shi Katsina, na ga yadda ka dawo da shi," in ji Malam, muryarsa ba ta ɗaga ba. "Abin da Allah ya ƙaddara ba ya wuce lokacinsa, ban riƙe ka ba. Amma ka bar mana shi haka nan."

Aka kira mai ɗori. Ya ja, ya ɗaure da kara, ya ce ƙashi lafiya lau. Ƙashin kam lafiya yake, ba shi ne ya lalace ba. Lokacin da ƙafar ta ƙi miƙewa aka yarda aka je Kano, likitoci suka ce an makara, sai dai a rage masa ciwo. Abdulbasit ya tashi da ɗingishi, gwiwar ba ta lanƙwasuwa sosai. Ko sallah sai ya miƙe ƙafar gefe yake zama.

A Dutsin-Ma gardamar ba ta mutu ba, sai ma ta koma teburin mai shayi. Wasu suka ce laifin Alu ne da ya ɗora wa yaro kayan manya. Wasu suka ce Naziru ne ya yi butulci. Wasu suka ce ai da ba a fara da yaron ba, da ko wasan farko ba a ci ba. Alu bai taɓa sa baki ba. Iyaye suka fara janye 'ya'yansu, Saifullahi ya yi aure ya koma kan hatsinsa. Naziru yakan wuce ta gaban shagon sau da yawa a rana da fasinja, ya kau da kai. Sau ɗaya ya tsaya, ya kashe babur kamar zai sauko, sai kuma ya tayar ya tafi. Alu ya rame, ya rage magana. Yana zuwa filin har yanzu, amma ƙananan yara kawai yake koya wa, kuma da zarar ɗaya ya ce wash sai ya zaunar da shi, ko da kuka zai yi.

Bayan shekara biyu aiki ya kai shi Kurfi, kafa ƙofar wani shago kusa da kasuwa. Yana tsugune yana walda sai ya ji an yi sallama a kansa. Ya ɗaga gilashin fuska. Abdulbasit ne, ya yi tsawo, ya tara ɗan gemu, da littattafai a hammata. Shi ke karantar da ƙananan aji a makarantar mahaifinsa yanzu. Ya yi ƙoƙarin rusunawa, ƙafar ta hana shi.

"Koci, ina wuni. Ya iyali?"

"Lafiya lau, Abdulbasit. Ya ƙafar?"

"Da sauƙi. Sai lokacin sanyi take damuna."

Alu ya yi ta juya sandar walda a hannunsa. Yaron ya gyara riƙon littattafansa.

"Koci, akwai abin da nake son tambayarka tuntuni. Ranar nan, da ban faɗi ba, da mun ci su ko?"

Alu ya tuna allon maki, ya tuna irin nisan da aka yi musu, wanda ko da ƙafa biyu lafiyayyu babu mai kamo shi. Ya dubi fuskar yaron.

"Da mun ci su," in ji shi.

Abdulbasit ya gyaɗa kai, ya yi ɗan murmushi. "Ni ma haka nake gani." Ya yi masa sallama, ya ce yara na jiransa. Alu ya bi shi da kallo yana jan ƙafa a gefen titi, yana kauce wa babura, har ya sha kwana. Mai shagon ya leƙo ya tambaya ko ƙofar za ta gamu yau. Alu ya ce za ta gamu, ya sauke gilashin a fuskarsa.