Ciyawar Cikin Waya

A shekarar babban fari, ina lakol, wato makarantar boko, a Gangara, wasu masu bincike suka kewaye wani fili gabas da gari da waya mai ƙaya. Wai suna so su ga yadda daji zai farfaɗo in dabba ba ta taka shi ba. Suka ɗauki mai gadi. Ɗan ruwan da ya sauka bai raya gero ba, sai ciyawa. Ta waje dabbobi suka cinye tun kafin kaka, ta cikin waya ta tsaya har gwiwa.

Bafillacen da ke kiwon saniyarmu ɗaya tilo yakan yini can da garkensa. Shanun sukan cusa kai tsakanin wayoyi har wuyansu ya yi jini. Na ji shi yana roƙon mai gadin: "Malam, ko dami ɗaya, don Allah." Mai gadin ya ce shi ma abincin 'ya'yansa yake tsaro. A gindin wayar nan shanun suka riƙa faɗuwa suna mutuwa, har da tamu.

Bayan shekaru, a jami'a, malaminmu ya nuna mana hoton wurin. Ya ce aikin nan ya canja tunanin masana game da haƙƙin daji a kan ɗan Adam, kowa da shi yake kafa hujja. Wata ɗaliba ta tambaye shi fararen abubuwan da ke jere a gindin wayar. Ya duba, ya ce duwatsu ne.

Ƙasarmu rairayi ce. Babu dutse a wurin nan.