Maƙerin da Aka Jefa Cikin Wutarsa

Ina aji uku a firamare aka kafa ƙarfen sabis a gabashin ƙauyenmu, kan hanyar Sandamu. Damina ba ta yi nisa ba geron da ke kewaye da shi ya soma ja, mangwaron maƙwabcinmu ya zubar da ganye. Aka ce iskar da ƙarfen ke fitarwa ce take ƙone shuka. Wata Juma'a maza suka ɗunguma can da sanduna. Ƙarfe ya gagare su, sai suka huce a kan maigadinsa, wani dattijo Malam Ɗanjuma. Suka fasa masa kai, suka karya masa hannu. Babanmu na cikinsu, don na ga jini a rigarsa.

Kullum bayan isha'i mukan zagaye kakarmu Inna Dije a bakin murhu, tana gasa mana masara tana ba mu tatsuniya. Ranar ba masara, kuma ta ɗaga murya yadda za a ji har ɗakin Baba.

Ta ce wani gari ne dawarsu ta bushe, suka ce tartsatsin wutar wani baƙon maƙeri ne. Suka ja shi tsakar kasuwa, suka sassare shi da fartanyun da shi ya ƙera musu, suka jefa gawar cikin wutarsa. Da shekara ta zagayo dawa ta sake bushewa. Suka ce matarsa ce, suka rufe ta da duwatsu. Daga ita sai maƙwabcinta. Haka suka yi ta yi har garin ya rage mutum biyu, kowa ya ɓoye gatari a bayansa.

Na ce, "Inna, to me ya busar da dawar?"

Ta ce, "Oho, maigida. Wa ya tsaya dubawa? Duk suna wajen kisa."

Washegari Baba ya hau babur ya tafi asibiti a Daura. Matar Malam Ɗanjuma ta hana shi shiga, ya zauna a ƙofa har la'asar. Hannun dattijon bai ƙara moruwa ba.

Yau ni nake noma gonar da ke gefen ƙarfen. Wata shekara gero ya yi, wata ya ƙi. Wasu su ce iskar ce, wasu su ce baƙin man janareton da ke ba ƙarfen wuta ne ke tsiyaya cikin ƙasa. Ni dai ban sani ba. Sai da na haifi nawa 'ya'yan na gane ba ƙarfen Inna take karewa ba, don har ta rasu ba ta yarda ta bi ta gindinsa ba. Tsoronta kada ɗanta ya saba da jinin mutum.