Zabirar Ashafa

"Sai bayan raina za ka rataya zabirar nan!"

"To wa ya yi wa jaririn gidan Ado aski jiya, Baba? Kai ko ni?"

Katangar da ta raba gidanmu da na Malam Salihu wanzami a Mandawari ba ta da kauri. Da hantsin nan na daminar 1954, har Gwaggo Ladi ta tsayar da daka ta kasa kunne. Mai mayar wa Malam da maganar Ashafa ne, ɗansa na fari.

A gidan wanzamai gemu ba ya mai da yaro babba, aure ma haka. Sai ranar da uba ya rataya masa zabira, jakar nan ta asake da ƙaho, a gaban 'yan sana'a. Ashafa na da shekara ashirin da shida, ga mata ga 'ya, amma har yanzu "yaron Malam" ake ce masa.

Unguwa na cewa son girma ne ya hana tsohon. Ba shi ba ne. Shekara biyu ke nan hannunsa na rawa. In sun je gidan suna, sai ya ce a fice a ja ƙofa. Shi ya riƙe kan jariri, Ashafa ya yi askin, su fito a yi ta yabon hannun Malam. Duk ran da ya ba da zabira, Ashafa zai kama nasa aikin, asiri zai tonu. Shi ma Ashafa ba tausayi kaɗai ya sa shi shiru ba. Jira yake tsohon ya roƙe shi. Bai roƙa ba.

Kwana uku da faɗan, sai ga Ashafa daga wurin dukawa da zabira sabuwa, ja wur, tana warin jima. Ba mu taɓa jin wanzamin da ya sa aka ɗinka masa tasa ba.

"Kai, ɗan nema!" in ji wani dattijo a dakali. "Wa ya rataya maka?"

"Kafaɗata ce, Baba. Ni na rataya."

Malam Salihu na zaure yana wasa aska. Bai ɗago ba.

"Jibi akwai suna a Goron Dutse. Za ka raka ni."

Ashafa ya tsaya a bakin ƙofa, ya gyara igiyar zabirarsa.

"Zan je, Baba. Amma ƙofa a buɗe zan yi askin. In ka ga dama, ka zo ka riƙe mini kan yaron."