Hajiyar da ke lazimi a bayan gidanmu

Kakata ta yarda ta tare a gidanmu na Nassarawa GRA bisa sharaɗi ɗaya: ba za ta kwana ɗaki ɗaya da masai ba. Babana, wanda babban ma'aikacin gwamnati ne a lokacin, ya gyara mata ɗaki mai banɗaki a ciki, har da fanka. Ta leƙa, ta toshe hanci da gefen mayafi.

"Yanzu kai da karatunka, a nan kake ci, a nan kake kewayawa? Allah ya kyauta."

Sai ta kwashi kayanta ta koma boskwata, ɗakunan bayan gida inda direba da mai gadi suke. Ni aka tura in riƙa kwana da ita, saboda sunanta na ci. Takwara take kirana, kuma babu abin da muka fi iyawa kamar tsokanar juna.

Cikin kayanta akwai wata randa, baƙa, ƙatuwa, tun ta kayan aurenta. Gidan da ta yi aure a cikinsa da gonar kakana duk sun tafi a lokacin da masana'antun Bompai suka fara cin ƙasa, mutane suka yi ta kwararowa daga ƙauyuka neman aiki. Randar nan ce kaɗai ta tsira, don haka ko kallon banza ba a yi mata.

Ruwan famfo kuwa, Kaka ta ce warin asibiti yake yi. Na firji ta ce yana kashe haƙori. Nata ruwan daga wata tsohuwar rijiya ake kawo shi, can wajen Tudun Murtala, kusa da inda gonarsu take a da. Wani ɗan ga-ruwa ne yake turo mata shi a kura, wani lokaci da 'yarsa ƙarama biye da shi, Kaka ta ba ta alewa. Gaskiya ruwan nan da sanyi da ƙamshin ƙasa. Ni ma a ɓoye nake shan abina, don Babana ya hana.

Na taɓa raka ta unguwar. Gidaje a cunkushe, ɗaki ɗaya ma'aikata a jibge, wasu na tashi su tafi aiki idan jiniyar kamfani ta kaɗa, wasu na shigowa su kwanta a shimfiɗar da ba ta huce ba. Lambatu ya ratsa tsakiyar unguwar da ruwan da masaƙu da kamfanonin jima suke saki. Yara na tsaye a bakinsa suna gardamar kalar atamfar da ake bugawa ranar, don wata rana ja ne, wata rana shuɗi. Warin kuwa sai ka ji shi a harshenka. Na ce, "Kaka, rijiyarki fa ga ta ga kwata." Ta ce, "Rufe min baki, rijiyar ta girmi ubanki."

Abin tsoronta ɗaya ne a duniya, duba-gari. Su ne ma'aikatan tsafta masu kaki, da suke shiga gida gida suna leƙa kwata da masai da tukwanen ruwa. Da can ba su cika shiga GRA ba, amma da aka fara cusa 'yan haya a boskwatocin unguwar, sai suka fara zagayowa. Kaka ta san su tun tana amarya. Ta ce idan suka zura ludayi suka ga tsutsar sauro ko ɗaya, a gabanka za su fasa randar, su bar ka da kasko.

Namu duba-garin wani dogo ne, siriri, mai furfura kaɗan, da gaisuwa kamar ya zo neman aure. Ranar da mai gadi ya fara shigowa da gudu yana cewa ga shi nan a maƙwabta, Kaka ta dube ni, ta dubi randar. Ɗaga ta ba zai yiwu ba, a cike take.

"Takwara, kawo min ƙwaryar can. Miƙo mayafina babba."

Muka kifa ƙwarya a kan bakin randar, muka lulluɓe ta da mayafi har ƙasa, muka shimfiɗa buzu a gabanta. Da ma a kusurwar ɗaki take, tana fuskantar gabas. Kaka ta rataya carbi ta gefe, ta ajiye silifas ɗinta a baya. Wallahi da na ja da baya na kalla, sai da na ji kamar in gaishe ta.

Duba-gari ya yi sallama, ya duba kwata, ya duba bayan ɗaki, sannan ya tsaya a bakin ƙofa.

"Inna, ko akwai abin ajiye ruwa a ciki?"

Kaka ta ɗora yatsa a leɓe, ta nuna kusurwa da haɓa. "Yi a hankali, ɗan nan."

Ya leƙa, nan da nan ya rusuna. "Af, Hajiya na lazimi. A gafarce ni. A sa mu a addu'a." Ya fita da sanɗa.

Na danne dariya har cikina ya ƙulle. Na ce, "Kaka, kin yi ƙarya da girmanki." Ta ce, "Ni? Me na ce? Cewa na yi ya yi a hankali. Shi ya ga Hajiyarsa."

Daga nan abin ya zama sana'a. Mai gadi ya yi tari, mu yi wa randa kwalliya. Har canja mata mayafi nake yi, don kada a ce Hajiya ba ta da sutura. Shi kuma bawan Allah duk zuwa sai ya gaishe ta. Wata rana ya ce, "Hajiya dai akwai ibada, ko motsi ba ta yi." Kaka ta ce, "Ai haka take tun ina yarinya." Wata rana kuma ya kawo mata goro. Kaka ta cinye abinta, ta ce ta isar da saƙo.

Da damina ta yi nisa, sai muka fara jin labarin amai da gudawa a unguwannin ma'aikata. Ɗan ga-ruwan ya kawo ruwa, sannan ya ɗauke ƙafa, Kaka tana ta mitar randarta ta kusa rabi. Ana cikin haka mai gadi ya yi tarinsa. Muka lulluɓe Hajiya kamar kullum.

Ranar bai duba kwata ba. Ya cire hula, ya nemi izini ya shiga ɗakin, ya durƙusa a bayan randar. Bai kalli Kaka ba ko sau ɗaya.

"Hajiya, Allah ya ƙara lafiya. Ban taɓa katse miki lazimi ba, yau dai ki yi haƙuri. Rijiyar da ake ɗebo miki ruwa, ruwan sama ya tura mata lambatu da masan unguwar. Mun rufe ta. Mutane da yawa suna kwance. Mai kawo miki ruwa ma, jiya aka kai 'yarsa makwancinta."

Sai a lokacin na gane ashe mutumin nan bai taɓa ruɗuwa ba, kunyar tsohuwa ce ta sa yake gaida tukunya. Kaka ta ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," a hankali, idonta a kan gwangwanin alewar da ke kan taga. Sannan ta juyo gare ni.

"Takwara, kin sha yau?"

Na gyaɗa kai. Moɗa biyu na sha da safe.

Ta tashi da kanta ta yaye mayafin, ta sauke ƙwaryar. Ta fita tsakar gida ta ɗauko taɓarya, ta miƙa masa.

"Ungo, ɗan nan. Yi aikinka."

Ya mayar da hannuwansa baya. "Haba Inna, ni da nake gaishe ta? A zubar da ruwan, a wanke ta da tafasasshe, a shanya ta a rana. Abin da za a zuba mata daga yau, a dafa shi tukuna."

Direba da mai gadi suka kinkimo ta waje. Kaka ba ta ko kalli inda suka yi da ita ba. Ta zaunar da ni a kan buzun nan, ta ɗora tafinta a cikina, ta hana ni motsi har la'asar. Da na yi ƙoƙarin tsokanarta in ce ina Hajiya ta tafi, sai ta daka min tsawa, hawaye na bin kuncinta.

"Yi min shiru. Yana murɗa miki? Faɗa min gaskiya, Takwara, yana murɗawa?"