Tukunyar da Inna ta Gina wa Mijinta

Ƙanwar mahaifiyata, wadda muke kira Inna, maginiyar tukwane ce a Dabai. A wajenmu idan mutumin kirki ya rasu, akan gina masa tukunya mai siffa a ɗora kan kabarinsa, don mai wucewa ya san wanda ke kwance. Coci da masallaci sun kusa cinye al'adar, amma da mijin Inna ya rasu ta ce ko fasto zai yi fushi sai ta gina masa. Shekaru ya yi yana noman golmo, wato noman neman aure, a gonar mahaifinta kafin a ba shi ita, ba za ta bar shi kwance kamar baƙo ba. Lokacin tsufa ya sa hannunta ya fara rawa. Rani guda ta kwashe tana fama da yumɓu, wasu tukwanen suka fashe a wuta, daga ƙarshe ɗaya ta fito lafiya: mutum zaune bisa tulu da fartanya a kafaɗa. Aka tsayar za a ɗora ta bayan girbi, in dangi sun taru.

Ana nan sai ga wata dakta daga jami'a, wai tana bincike kan fasahar matan Afirka. Shugaban makarantar da nake koyarwa a Zuru ya haɗa ta da ni in yi mata tafinta. Baki gare ta kamar zuma. Da na kai ta wurin Inna ta durƙusa har ƙasa, ta ci tuwon dawa direbanta na ɗaukarta hoto, maganar 'yancin mata kuwa ba ta fita daga bakinta. Da ta ga tukunyar sai ta dafe ƙirji. Ta nemi aro, za a nuna a wani taro, kafin girbi ta dawo da ita. Inna ta ƙi. Daktar ta ce ai duniya za ta san sunanta. Inna ta ce sunanta bai dame ta ba, amma in mutane za su ga irin manomin da ta aura, to a je da shi.

Girbi ya zo, dangi suka taru, aka dafa burkutu, wayar daktar ta ƙi shiga. Da na same ta daga baya, cikin murya mai sanyi ta ce tukunyar na ƙasar waje, in ƙara haƙuri. Dangi suka watse.

Wata tsohuwar ɗalibata ce ta turo min hoton littafin da daktar ta wallafa a waya. Ga tukunyar a bangon littafin cikin akwatin gilashi, taken kuwa kan maido wa matan karkara muryarsu. A ƙarƙashin hoton an rubuta cewa aikin wata mata ce da ba a san ta ba. Matar da ta ci tuwon Inna ce ta rubuta haka.

Na nuna wa Inna. Ta daɗe tana shafa fuskar wayar da yatsa, sannan ta ce, "Shina can cikin gilashi, kabari nai ko babu komi. Ɗiyata, ɗebo min yumɓu."

Na ɗebo. Yatsunta suka ƙi riƙewa, yumɓun ya bushe a ƙwarya. Da damina muka binne ta gefen mijinta. Duka kaburburan biyu babu komai a kansu, daktar kuwa na ji yanzu farfesa ce.