Takardar Da Na Ƙi Dangwala Wa Yatsa

A shekarar da aka sake buɗe bodar Nijar da Najeriya bayan doguwar rufewa, na bar ƙauyenmu na wajen Maraɗi na zo Yangoji da ke yankin Kwali a Najeriya aikin sa-kai. Haƙar rijiya ce sana'ata, shekara ashirin da wani abu ina yinta. Wata ƙungiya ce ta tara mu mu bakwai, daga Nijar da Gana da nan Najeriya, don mu haƙa wa manoma rijiyoyi. Ba albashi, sai ci da kwana, da alkawarin takardar shaida a ƙarshen wata shida. Takardar nan nake so, domin a gida ba a ba mutum shugabancin haƙa sai da ita.

Gida ɗaya aka zuba mu, kicin ɗaya, firij ɗaya. Shugabanmu wani matashin injiniya ne daga wata ma'aikatar gwamnati, kowa na ce masa Oga. Shi ya kafa doka cewa wanda ya ajiye abinci a firij ya manna takarda da sunansa. Da Turanci ya faɗa ranar farko, ni kuwa na gyaɗa kai kamar kowa. A lokacin ko baƙi ɗaya ban iya karantawa ba. Satin nan ne ma na fara zuwa ajin yaƙi da jahilci da ake yi bayan la'asar a firamaren garin.

Wata rana na fito daga rami da yunwa, na tarar da robar dafa-duka a firij, na ci rabi. A garinmu abincin da ke cikin gida na 'yan gida ne. Ashe na wani saurayi ne ɗan Gana mai gwajin ruwa, kuma sau uku ke nan ina ci masa ban sani ba.

Aka kira mitin. Na ce ni ne, na ba shi haƙuri, washegari na dafa masa tuwo da miyar kuka. Ya ci, har ya yi ƙari. Amma Oga ya riga ya kai rahoto ofis, sai ya zo mini da takarda da ya rubuta da Hausa.

"Baba, dangwala nan kawai, magana ta wuce."

"Me ta ce, ɗana?"

"Haƙuri ne. Ka amsa laifi, shi ke nan."

"To bar mini ita, in na karanta zan dangwala."

Ya yi dariya. "Kai da jiya ka fara a, ba, ca? Sai mun gama rijiyoyin Kwali duka."

"Ina da lokaci," na ce.

Na ninke ta na sa a aljihu. Ban ba malamarmu ta karanta mini ba, ban ba kowa ba. Sati biyar ina fama da ita, da rana a bakin rami in an tashi cin abinci, baƙi ɗaya bayan ɗaya. Wani manomi Bagwari da muke haƙa wa rijiya yakan zauna gefena yana tsokana: "Maigida, wannan takarda ya zama matarka ta biyu?" A layi na uku na haɗa "sa" da "ta", na sake haɗawa, na ga abin da ta ce. Sata.

Na sami Oga a kicin gaban kowa, na karanta masa layin da bakina, a hankali, ina bin sa da yatsa.

"Canza kalmar nan, Oga. Rubuta na ci ban sani ba, yanzu in sa hannu da biro."

"An riga an tura kwafi sama, Baba. Kalma ce kawai."

"Ni ma ita kaɗai na ƙi."

Ɗan Gana ya sa baki ya ce shi ba a yi masa sata ba. Oga ya ce doka doka ce, wanda bai sa hannu ba, ba zai ci gaba da zama a gidan ba. Na haɗa jakata da safe, ya kai ni tasha da motarsa.

Na rasa takardar shaida. Na rasa wata biyu da suka rage, da rijiya ɗaya da na bari a zurfin gaba shida ba ta kai ruwa ba, da ajin la'asar, da shugabancin haƙa da aka ba wani a bara.